Tsofaffin jiragen yaƙi: a ci gaba da tashi da su, ko a killace su a gidan tarihi?

Ɗalibin Tarihi ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambaya ga waɗanda suka san harkar jiragen sama, musamman masu bibiyar jiragen Yaƙin Duniya na Biyu da har yanzu ake tashi da su a wuraren baje koli. A cikin jirage 7,377 samfurin Lancaster, babban jirgin jefa bam na Birtaniya, da aka ƙera, biyu kacal suka rage masu iya tashi, ɗaya a hannun rundunar sojin saman Birtaniya a sansaninta na Coningsby, ɗayan kuma a wani gidan tarihi da ke Hamilton a Kanada. Haka nan B-29, wanda Amurka ta ƙera kusan 4,000, biyu ne suke tashi a yau, wato FIFI da Doc.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, idan abu ya yi ƙaranci har haka, mece ce hikimar ɗora mutane a cikinsa a tashi da shi? A watan Nuwamba na 2022 wani B-17 da wani P-63 suka yi karo a sararin Dallas ta Amurka a gaban 'yan kallo, mutum shida suka rasu, jiragen biyu kuma suka tafi ke nan har abada. Shin ba zai fi ba a ajiye waɗanda suka rage a inuwa, inda jikokinmu za su tarar da su? Ina kuma son sanin ko jirgin da aka shafe shekara tamanin ana yi masa kwaskwarima yana nan a matsayin jirgin asali.

Tsohon Makanike ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam Ɗalibi, tambayarka tana da nauyi, amma akwai wani zato a ƙarƙashinta da ya kamata a fara warwarewa, wato cewa jirgin da aka ajiye ya tsira. Inji ba ya son zama. Idan ya daɗe bai juya ba, baƙin mai yakan tsiyaye ya bar ƙarfe a bushe, laima ta shiga, tsatsa ta kama cikin silinda, robobin da ke tare mai su bushe su tsattsage. Gangar jirgin ma, wadda akasarinta alminiyam ce, tana ruɓewa daga ciki a wuraren da ido ba ya kaiwa. Jirgin da yake tashi kuwa doka ta tilasta a riƙa buɗe shi a kan kari, ana haska ƙashin fiffikensa da na'ura don neman tsagar da ba ta kai kaurin gashi ba. Lancaster na Kanada da ka ambata ya shafe shekaru a kafe bisa ginshiƙai a garin Goderich, rana da ruwa suna dukansa, kuma ƙudurin mayar da shi sama ne ya sa aka kwance shi aka gyara har ya sake tashi a 1988.

Sai dai a ganina babban abin da tashin yake rayarwa yana cikin kawuna da hannuwan mutane ne. Bari in ba ka misali da injin da silindojinsa ke jere a zagaye kamar na B-17. Idan ya kwana a kashe, mai yakan gangara ya taru a silindojin ƙasa, kuma tunda ruwa ba ya matsuwa, duk wanda ya tayar da shi a haka zai iya lanƙwasa sandar fistin nan take. Saboda haka kafin a kunna, ma'aikata sukan kama farfela su juya ta a hankali, fiffike bayan fiffike, suna sauraron ko za ta cije. Littafi zai gaya maka ka juya farfela, amma bambancin taurin matsin iska da taurin man da ya taru, sai wanda ya taɓa ji a kafaɗarsa ne zai nuna maka. Haka ɗaure kan ƙusar haɗi ba tare da an lotsa fatar jirgi ba, haka ɗinkin ƙyallen da ake lulluɓe wasu sassan jela da shi, haka daidaita injin Merlin mai silinda 12, irin na Lancaster da Spitfire, har ya daina tari. Ranar da aka daina tashi, cikin ƙarni ɗaya waɗannan sana'o'i za su bi masu su kabari.

Labarin Vulcan XH558, jirgin jefa bam na Birtaniya mai injin jet, ya nuna haka ƙarara. An mayar da wannan katafaren jirgi sama a watan Oktoba na 2007 da kuɗin da jama'a suka tara, ya yi ta burge mutane har zuwa Oktoban 2015. Bai faɗi ba, kuma masoyansa ba su gaji ba. Kamfanoni uku da ke tsaya masa ta fuskar fasaha ne suka janye, kuma cikin dalilansu akwai cewa injiniyoyin da suka san shi ciki da bai suna ƙarewa. Ƙarfen yana nan, masu iya sa hannu a kansa ne babu.

Mai Adana Kayan Tarihi ta amsa:

Baba Makanike, na yarda da kai game da sana'a, amma ban yarda a kwatanta jirgi mai tashi da jirgin da aka yasar a fili ba, domin wannan ba shi ne zaɓin da Malam Ɗalibi ya kawo ba. Gidan tarihi na ƙwarai yana da nasa ilimin: ana daidaita laima da zafi, ana tsiyaye mai, ana shafa wa inji maganin tsatsa, ana ɗaga jirgi don kada nauyinsa ya danne tayoyi. Kuma akwai abin da yake iya riƙewa wanda tashi ba zai taɓa bari ba. Cibiyar Smithsonian da ke Amurka tana da wani B-26 mai suna Flak-Bait, wanda ya fita farmaki fiye da sau 200 a Turai, jikinsa ɗauke da faci sama da dubu na raunukan da harbi ya yi masa. Masu aiki a kansa suna lallaɓa fentinsa na asali ne, har da inda hannuwan mutane suka goge shi. Da za a ce a mayar da shi sama, dole a cire wayoyinsa, a sauya fatar da ta raunana, a kankare fentin don duba abin da ke ƙasa, kuma a ƙarshe za a sami jirgi mai ƙyalli wanda shaidar yaƙin ta fita daga jikinsa.

Wannan ya kai mu ga tambaya ta biyu. Ku dubi Spitfire mai lamba P9374, ƙaramin jirgin yaƙin Birtaniya mai inji ɗaya, wanda ya yi saukar dole a gaɓar teku a Calais ta Faransa a watan Mayun 1940, yashi ya haɗiye shi, sai a 1980 ya sake bayyana. Ya tashi a 2011, aka kuma sayar da shi a gwanjo a Landan a 2015 kan kuɗi sama da fam miliyan 3. Duk wanda ya san abin da ruwan gishiri yake yi wa alminiyam cikin shekara arba'in ya san cewa kaɗan ne daga gangar asali zai iya komawa sama. Abin da ke ɗauke da sunan jirgi a idon hukuma shi ne ɗan allon ƙarfe mai lambarsa da takardun da ke bin sa, kuma a kewaye da wannan allon ana iya gina kusan sabon jirgi. Gatarin kaka ke nan, an sauya masa ƙota sau uku, an sauya ruwa sau biyu, ana kuma rantsuwa shi ne dai na kaka.

Ba zargin masu wannan aiki nake yi ba, hasali ma shi ne mafita. Mosquito jirgin katako ne, kuma bayan wanda ya rage yana tashi ya faɗi a Ingila a 1996, an yi shekaru ba a ga ko ɗaya a sama ba, sai da wasu a New Zealand suka sake ƙera manyan sifofin da ake lanƙwasa katakon a kansu, har wani ya tashi a 2012. Irin wannan a tashi da shi, idan ya lalace an yi asarar dukiya, ba a yi asarar shaida ba. Ka'idata ita ce, jirgin da shi kaɗai ya rage a samfurinsa, ko wanda jikinsa yake ɗauke da tarihi na musamman, ya zauna a ƙasa. Birtaniya ma kusan haka ta yi da Lancaster: wanda yake tashi a yau, a 1945 aka gama ƙera shi, bai taɓa jefa bam a yaƙin ba, shi kuwa wanda ya fita farmaki sau 137 yana zaune a gidan tarihin rundunar da ke Hendon.

Matuƙi Mai Ritaya ya amsa:

Ina so in ƙara magana kan haɗurran, domin an saba ɗora laifin a kan tsufa, rahotannin bincike kuwa sau da yawa suna nuna wani wajen. A Dallas, masu bincike sun fi mayar da hankali kan rashin ingantaccen tsarin raba jirage a sama da aka amince da shi tun kafin tashi. A Suwizalan a watan Agustan 2018, wani Ju 52 ƙirar 1939 ya faɗi a cikin duwatsu da mutum 20, aka gano matuƙan sun shiga ƙunƙuntaccen kwari a ƙasa-ƙasa ba tare da barin hanyar juyowa ba, ko da yake an tarar da tsatsa da tsaga a tarkacen. A Shoreham ta Ingila a 2015, jirgin Hunter ya fara alkafura a sama ba tare da isasshen tsawo da gudu ba, ya faɗa kan babbar hanya ya kashe mutum 11 waɗanda ba ma a cikinsa suke ba, abin da ya sa hukumar kula da jiragen sama ta ƙasar ta taƙaita irin wasan da tsofaffin jirage masu injin jet za su yi a saman tudu. Wanda gyara ya shigo cikinsa sosai shi ne B-17 da ya faɗi a jihar Connecticut a 2019, inda mutum bakwai suka rasu, kuma ko a nan an haɗa sakacin kula da inji da yadda matuƙin ya tafiyar da jirgin bayan inji ɗaya ya mutu.

Jiragen nan ba sa yafiya. Spitfire tana zaune ne a kan ƙaramar tayar baya, hancinta a ɗage yana tare gaban matuƙi, dole ya riƙa karkata hagu da dama a kan titi kafin ya ga inda ya nufa, kuma idan ya buɗe wuta da gaggawa ƙarfin farfela zai fizge shi gefe. Shi ya sa ake fara horar da mutum a kan ƙananan jirage masu tayar baya irin Chipmunk da Harvard. Matuƙin da ya yi sa'o'i dubbai a jirgin fasinja na zamani ɗan koyo ne a nan, kuma wanda ya ƙi yarda da haka bai kamata a ba shi kujerar ba.

Ɗalibin Tarihi ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Malama, ka'idarki ta kwanta mini, amma na karanta cewa rundunar Birtaniya tana tashi da Spitfire mai lamba P7350, wadda ta shiga yaƙin kare sararin ƙasar a 1940 da kanta. Wannan bai saɓa wa ka'idar ba?

Mai Adana Kayan Tarihi ta amsa:

Ya saɓa, kuma da a hannuna take da tuni na sauke ta. Uzurin da zan iya ba su shi ne akwai wasu Spitfire na wancan yaƙin a ajiye a gidajen tarihi, don haka ba ita kaɗai ce shaida ba.

Tsohon Makanike ya amsa:

Malama, a kan wannan ɗaya zan bar miki, ko da yake wanda ya ji ƙarar Merlin ta ratsa ƙirjinsa zai yi wuya ya sa hannu a takardar sauke ta. Amma ina ganin ba mu ne za mu yanke hukuncin ba, tsada da ƙarancin kaya ne za su yanke. An daina ƙera waɗannan injuna tun da daɗewa, saboda haka ana rayuwa ne a kan tsofaffin kayan gyara da kuma sassan da ƙananan masana'antu ke ƙerawa ɗaya-ɗaya, kowanne da takardar shaidarsa. FIFI ta zauna a ƙasa daga 2006 zuwa 2010 saboda matsalar inji, sai da aka harhaɗa mata wasu daga sassan samfura daban-daban na injin nan na R-3350 kafin ta koma sama. Ga kuɗin inshora da ke hawa bayan kowane haɗari. Ga kuma batun mai, domin injunan an tsara su ne a kan fetur mai sinadarin dalma, wanda hukumomi a Amurka da Turai suke ƙoƙarin kawar da shi saboda lafiyar jama'a, kuma duk man da zai maye gurbinsa sai an gwada shi a kan kowane irin inji kafin a amince. Ƙananan jirage masu inji ɗaya za su daɗe, tunda attajirai suna sayensu kuma ana iya sake gina su daga tushe. Manyan masu inji huɗu su ne nake jin za a fara saukewa, domin duk abin da ake kashewa a kan inji ɗaya sai an ninka shi sau huɗu, kuma akasarin masu ɗawainiya da su ƙungiyoyin sa-kai ne da ke dogaro da gudummawa da kuɗin tikitin 'yan kallo.