Kotun Hague: Ta Duniya Ce Ko Ta Baƙar Fata?

Kawu: Salamu alaikum jama'a. Tun da Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanar a watan Satumban 2025 cewa za su fice daga kotun hukunta manyan laifuka ta duniya, wato ICC, nake cewa sun yi daidai. Kotun nan ta Hague don baƙar fata aka gina ta. Mai ja, ga fili ga mai doki.

Malama: Wa alaikumus salam Kawu. Ni ina bayanka. A duba waɗanda ta ɗaure mana: Thomas Lubanga na Kwango a 2012, Bosco Ntaganda, Dominic Ongwen na Yuganda, al-Mahdi na Mali. Ko Bature ɗaya babu. Laurent Gbagbo, tsohon shugaban Kwaddibuwa, ya shafe sama da shekara bakwai a tsare, sai a 2019 aka ce ba hujja, ya tafi abinsa. Wa zai biya shi waɗannan shekarun?

Barista: Allah ya ja da ran Kawu. Malama, sunayen nan duk haka suke, amma ki tambayi wa ya kai ƙarar. Yuganda da Kwango da Afirka ta Tsakiya da Mali, gwamnatocinsu ne da kansu suka rubuta wa kotun suka ce ta zo. Al-Mahdi da kika ambata, hubbaren waliyyan Timbuktu ya jagoranci rusawa a 2012, ya amsa laifinsa da bakinsa, aka ba shi shekara tara. Malin da ke cewa yau kotun ta 'yan mulkin mallaka ce, ita ta gayyace ta. Sannan daga 2012 zuwa 2021 babbar mai gabatar da ƙara 'yar Gambiya ce, Fatou Bensouda.

Ɗan Damagaram: Barista ka tsallake biyu da gangan. Sudan da Libiya ba su taɓa shiga kotun ba. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ne ya miƙa wa kotun batun Darfur a 2005, ya miƙa Libiya a 2011. Su wa ke da kujerar na-ƙi a kwamitin? Uku daga cikin biyar ɗin, Amurka, Rasha, Sin, ba mambobin kotun ba ne. Kai ka ƙi shiga gaban alƙali, amma kana tura ɗan wani. In kura na maganin zawo ta yi wa kanta mana. Iraƙi fa? An yi shekaru ana duba zargin azabtar da fursunoni da ake yi wa sojojin Birtaniya, a Disambar 2020 aka rufe fayil.

Barista: Wannan kam ka kama ni, ba ni da ta cewa. Sai dai laifin na Kwamitin Sulhu ne fiye da na alƙalan. Kada ka manta, da Bensouda ta taɓo maganar sojojin Amurka a Afganistan, takunkumi gwamnatin Trump ta ƙaƙaba mata a 2020. Da 'yar aikensu ce da ba su yi mata haka ba.

Auta: Kawu ka yi haƙuri in sa baki cikin maganar manya. A Maris 2023 kotun ta ba da sammacin kama Putin kan kwashe yaran Yukiren. A Nuwamba 2024 ta ba da na Netanyahu da tsohon ministan tsaronsa Gallant kan Gaza. A Maris 2025 aka ɗauko Duterte na Filifin aka kai shi Hague. Wane ne baƙi a cikinsu?

Kawu: 'Yata, sammaci takarda ce. Putin ya je Mongoliya a 2024, mamba ce, aka shimfiɗa masa jar darduma. Netanyahu ya je Hangari a 2025, ita ma mamba ce a lokacin, ya ci ya sha ya koma gida. Duterte kuwa da bai sauka daga mulki ya ɓata da masu mulkin yanzu ba, wa zai taɓa shi?

Auta: To ai mu ma mun yi, Kawu. Al-Bashir, shugaban Sudan na lokacin, ya je taron Tarayyar Afirka a Johannesburg a 2015 da sammaci a kansa, kotun Afirka ta Kudu ta ce kar a bar shi ya fita, jirginsa ya tashi. Kotun nan ba ta da ɗan sanda ko ɗaya. Mai mulki ne take kasa kamawa, ko wane launi ne.

Malama: Shi ya sa nake cewa mu yi tamu. A Dakar aka yi wa Hissène Habré, tsohon shugaban Chadi, shari'a, alƙalan Afirka suka yanke masa ɗaurin rai da rai a 2016.

Barista: Madalla da wannan, amma Malama ki ƙirga: a 1990 ya gudu Senegal. Shekara 26 waɗanda aka azabtar suna bin haƙƙinsu, da yawa sun mutu ba su ga ranar ba. Kotun Afirka da aka tsara a yarjejeniyar Malabo ta 2014 kuma, shugabannin sun rubuta a ciki cewa ba za a gurfanar da shugaba mai ci ba. Kura ce aka ba ajiyar nama.

Inna: Ni ban iya dogon turanci ba. Na zauna a Sudan shekaru. Kuna ta lissafin fatar waɗanda aka kama, ba wanda ya lissafa fatar waɗanda aka kashe. Mutanen Darfur da Janjawid suka ƙone wa ƙauyuka Turawa ne? Ali Kushayb, ɗaya daga cikin jagororin Janjawid ɗin, sai a Oktoba 2025 aka same shi da laifi, bayan fiye da shekara ashirin, kuma a Hague ne, ba a Khartoum ba. Da babu gara ba daɗi.

Ɗan Damagaram: Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, Inna. Amma ga Darfur ɗin ta sake kamawa da wuta tun 2023. Tsoron kotun ya hana wa?

Auta: Kawu tambaya ɗaya. A Disambar 2020 Bensouda ta ce akwai dalilin buɗe bincike a Najeriya, kan Boko Haram da kuma jami'an tsaro. A kai su ko kar a kai?

Kawu: Boko Haram a kai su ko yau da dare. Na soja kuwa, wannan maganar cikin gida ce.

Auta: Haka al-Bashir ma ya ce, Kawu.

Kawu: Yarinyar nan ba ki da dama! An kira magariba. Barista, kafin in dawo ka nemo mini ranar da za a kai Bush da Blair.