Masu harkar ƙaro, wa ya taɓa fitar da kaya da sunansa?

Ɗan Nguru: Assalamu alaikum. Tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ake ta cewa kasuwar ƙaro ta buɗe wa Najeriya da Chadi, tunda Sudan ce ke kan gaba a duniya. Ni sari nake yi a ƙauyukan Yobe in kai Kano, wasu su fitar. Yanzu ina so in gwada da kaina. Don Allah wanda ya bi hanyar ya ba mu labari, musamman batun tallafin gwamnati da muke ji a rediyo.

Alhajin Kano: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka fara da takardu. Sai ka yi wa kamfani rajista, ka karɓi shaidar mai fitar da kaya daga hukumar bunƙasa fitar da kaya, wato NEPC, sannan bankinka ya buɗe maka fom ɗin NXP, wanda ake rubuta kayan da za a fitar da kuɗinsu. Akwai kuma takardar lafiyar kayan gona daga hukumar NAQS mai duba kayan gona da ke shiga da fita ƙasa. Kuɗin kaya dole su dawo ta banki cikin kwana 180. Tallafin da kake ji, wato EEG, tallafin faɗaɗa fitar da kaya, yana nan, amma ka fahimce shi da kyau: sai ka fitar, kuɗi sun dawo, an tantance takardunka, sannan ka shiga layi. Lada ce ta bayan aiki, ba jari ba. Ni da kuɗin gidana na cika kwantenar farko, kuma haya daga Kano zuwa tashar jirgin ruwa ta Apapa a Legas ta ci riba fiye da yadda na lissafa.

Hajiya mai tsinta: Alhaji ya faɗi gaskiya, amma ni ina ganin ba takarda ke kayar da mutane ba, gauraye ne. Ƙaron ɗakwara shi ne lamba ɗaya, na dushe lamba biyu, sauran tarkacen itatuwa lamba uku. A ƙauye duk buhu ɗaya ake zuba su, har da ɓawo da yashi don nauyi. Mata nake ɗauka su zauna a tabarma su tsince ƙwallo-ƙwallo, kuma wannan aikin ne ke raba mai riba da mai kuka. Kada ka ce Bature ba zai gane ba. Idan suka narka shi a ɗakin gwaji, ruwan na ɗakwara hagu yake karkatar da haske, na dushe kuma dama, don haka gauraye ba ya ɓoyuwa. An taɓa kawo mini kaya sama fari tas, ƙasa ja, mai saye ya sauke farashin duka zuwa na lamba biyu. Tun daga nan ba na auna buhu sai an zazzage shi a gabana.

Baba daga Yusufari: 'Yata, ki yi mana adalci. Mai tsaga ba ya samun bambancin kuɗi in ya ware, to don me zai ware? Mu ne muke shiga ƙaya. Sai damina ta ɗauke, ganye ya fara zuba, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, sannan a tsage ɓawon reshe, a jira mako huɗu zuwa shida kafin tsinkar farko. Bishiyar kanta sai ta shekara huɗu ko biyar take fara bayarwa. An taɓa raba mana dashe a wani shiri, ba shinge, ba rijiya, kafin bazara awaki sun gama da shi. Manyan bishiyoyin kuma masu gawayi na sarewa. Abin da ya amfane ni shi ne tashar binciken ƙaro da ke Gashuwa, can na ga yadda ake tsaga ba tare da an ji wa icen ciwo ba. Da gatari muke yi, muna kashe abin da ke ciyar da mu.

Malam Bagwambe: Baba, Allah Ya ƙara lafiya. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ɗanye muke sayarwa. Faransa ba ta noman ɗakwara, amma kamfanoninta irin su Nexira da Alland & Robert ne ke mayar da ƙaro gari mai tsabta, su sayar wa masu lemon kwalba da alewa da magani. Duba bayan kwalba, in ka ga E414, shi ne wannan da muke zubawa a tawada da wankin hula. Na yi lissafin kafa ƙaramin injin niƙa da tankaɗe, na leƙa tsarin bashin NEXIM, bankin da aka kafa a 1991 don masu fitar da kaya. Jinginar da tsarin ke buƙata ta fi ƙarfin irina, sai dai ƙungiya. Shi ya sa na shiga NAGAPPEN, ƙungiyar masu noma da sarrafa da fitar da ƙaro, ko ba komai kana jin farashi kafin dillali ya faɗa maka nasa.

Ɗan Nguru: Na gode ƙwarai. Ke nan bana ba zan taɓa kwantena ni kaɗai ba. Baba, in na ƙara kuɗi a kan wanda aka ware tun daga daji, mutanenku za su yarda? Alhaji, in na kawo lamba ɗaya zalla, za ka haɗa da naka a rubuta rabona?

Alhajin Kano: Kawo samfur tukuna, Hajiya ta duba. In ya wuce hannunta, sai mu zauna.