Ƙadangaren bakin tulu, wa ake nufi da shi ne wai?

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum jama'a. Jiya rigima ta kaure a gidanmu kan kuɗin wuta, uwar gida ta kalli ƙanin mijinta ta ce ai kai ƙadangaren bakin tulu ne, a kar ka a kar tulu, a bar ka ka ɓata ruwa. Shi ya ce zagi ne, ita ta ce gaskiya kawai ta faɗa. Ku raba mu.

Hajiyar Alabar: Zagi ne mana ɗana, mutumin da ya fake da wanda ake jin kunyarsa yake ɓarna.

Direban trotro: A'a Hajiya, ni a sanina kukan mai tulu ne, halin da ya shiga ake faɗa ba halin ƙadangare ba, shi bawan Allah ƙishirwa ce ta kawo shi.

'Yar Asawase: Kun tuna min kakata Allah ya jiƙanta, a Salaga ta girma, ba ta yarda a jefi ƙadangare a gabanta. Wata rana ta buɗe randa ta tarar da mesa ƙarama ta naɗe kamar gammo a gindinta, yara suka ɗauko taɓarya ta hana, ta sa kwando ta kife ta aka kai bayan gari, wai ita cewa take maciji yayan ƙadangare ne, ƙafafunsa ya ba da aro ranar biki ba a dawo masa da su ba, shi ya sa har yau yake cikin fushi, shi kuma ƙanin kullum yana gyaɗa kai wai ya ji zai kawo.

Tica: Wallahi kaka ba ta yi nisa da masana ba, sai dai ta juya girman. Daga zuriyar ƙadangaru macizai suka fito, dangi ɗaya ne mai nau'i sama da 11,000, har da damo da guza da tsaka da hawainiya. Juya mesa ka duba kusa da wutsiya, akwai 'yan ƙumbuna biyu, ragowar ƙafa ce. A Ajantina ma an tono ƙasusuwan wani maciji, Najash, da ƙafafunsa na baya. Kada kuwa ba ya cikinsu, ya fi kusa da tsuntsu.

Direban trotro: Tica kada da tsuntsu kuma?? To je Paga, garin nan mai tafkin kadoji, ka ce masa ya tashi sama.

Hajiyar Alabar: Ku bar Tica. Ni hawainiya na sani, duk shekara huɗu tana zuwa Zongo da buhun shinkafa, launinta ya danganta da tutar da ke sama.

'Yar Asawase: Masu bin bayanta kuma albarkacin kaza suke shan ruwan kasko.

Tica: Wannan mesar ta kaka fa yanzu daga Ghana ake fitar da irinta zuwa Amurka ana kiwo a ɗaki.

Ɗan Aboabo: To ni dai har yanzu ba wanda ya ce min wa zai biya kuɗin wutar nan.