Muhawara: fwrite kaɗai ya isa ɓoye kalmar sirri?

Autan Aji: Salamu alaikum. Na gama aikin yaren kwamfuta na C da aka ba mu, shirin shiga da suna da kalmar sirri. Na zuba su a struct, wato ƙunshin bayanai, na rubuta shi cikin fayil da fwrite. Da na buɗe fayil ɗin a Notepad, tarkace kawai na gani. Ni dai a ganina tsaro ya samu, ba sai na wahalar da kaina ba.

Yaya Mai Linux: Wa alaikumus salam. Auta, tarkacen nan lambobi ne da cikon struct. Haruffan kalmar suna nan yadda ka buga su. Gwada umarnin strings, mai tsamo rubutun da ke karantuwa, a kan fayil ɗin.

Autan Aji: Innalillahi! Ga ta nan ɓaro-ɓaro.

Sarkin Gardama: Ai tun farko laifin fayil ne. Wa ke ajiye kalmar sirri a fayil a zamanin nan? Ka koma rumbun bayanai, ka huta.

Malama: Sarki, Linux ɗin da ke kwamfutarka a ina yake ajiye taka? Sunaye a /etc/passwd, wanda kowa ke iya karantawa, niƙaƙƙun kalmomin sirri kuma, wato waɗanda aka juya da lissafin da ba ya komawa baya (hash), a /etc/shadow, wanda talakan mai amfani ba ya iya buɗewa. Duka fayilolin rubutu ne, layi-layi. Shi kuwa kamfanin intanet na RockYou a rumbun bayanai ya ajiye nasa tsirara, a 2009 aka kwashe kusan miliyan 32.

Sarkin Gardama: To na ji, Malama. Amma ke da bakinki kin ce izinin fayil ne ke tsare shadow. Ya sa 0600, mai fayil kaɗai ke karantawa. Niƙan na mene ne kuma?

Malama: Bari in ba ka labari. A shekarun 1960, a kan tsarin kwamfuta na CTSS na jami'ar MIT a Amurka, wani ma'aikaci yana gyara fayil ɗin kalmomin sirri, wani kuma yana gyara saƙon da ake nuna wa duk wanda ya shiga. Fayilolin wucin gadi na manhajar gyaran suka musanya. Duk wanda ya shiga sai a zubo masa kalmomin sirrin jama'a. Ba ɓarawo, ba fasa ƙofa. Robert Morris da Ken Thompson sun kawo labarin a takardarsu ta 1979, inda suka bayyana yadda tsarin Unix na lokacin ke niƙa kalma da lissafin ɓoye saƙo na DES sau 25, a barbaɗa mata gishiri, lambar kan-mai-uwa-da-wabi mai bit 12, wato kalma ɗaya ta iya fitowa ta fuska 4096. Izini yana aiki ne har ranar da wani ya kwafi fayil ɗin zuwa filashi.

Yaya Mai Linux: Kuma 0600 ɗin ma ba ya zuwa da kansa. fopen na ƙirƙirar fayil da 0666, umask, saitin da ke zaftare izini, na 022 ya rage, a tashi da 0644, kowa na karantawa. Sai dai open da O_CREAT da O_EXCL, ka faɗi izinin tun wurin ƙirƙira. In ka bari sai daga baya ka yi chmod, akwai ɗan lokacin da ƙofa take buɗe. Wani abu kuma, mu da wuta ke ɗaukewa ba sallama: kada ka rubuta a kan fayil na asali. Rubuta sabo, ka tabbatar ya sauka a faifai da fsync, sannan ka maye gurbin tsohon da rename.

Autan Aji: Yaya, to in niƙa da MD5? Shi na iya.

Malama: A'a, ya cika sauri, mai gwada cankar kalmomi zai ji daɗinsa. Ga bcrypt tun 1999, ga Argon2 da ya ci gasar hanyoyin niƙa kalmar sirri ta 2015. Kira crypt ko laburaren da aka gwada, kada ka ƙirƙiri naka. Af, da me kake karɓar kalmar?

Autan Aji: gets, Malama.

Malama: Subhanallahi. gets ba ya duba tsawon abin da aka buga. Ta nan tsutsar Morris ta 1988, manhaja mai yaɗa kanta tsakanin kwamfutoci, ta shiga shirin fingerd na Unix, kuma irin wannan haɗari ne ya sa ƙa'idar C ta 2011, wato C11, ta cire shi gaba ɗaya. Koma fgets.

Sarkin Gardama: Ni har yanzu ina ganin kun ɗora wa yaro kayan raƙumi. Aikin aji ne fa, mutum uku za su shiga.

Yaya Mai Linux: Mutum ukun nan da kalmar Facebook ɗinsu za su gwada, ka sani, na sani.

Autan Aji: Gaskiya ni ma tawa na sa. Bari in je in canza ta, gobe da takwas za a karɓi aikin.