Wai da gaske ne babu ruwan gwamnati da addini a tsarin mulkin Najeriya?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu ilimin doka a taimaka min. Jiya a Kasuwar Bacci a nan Kaduna muka yi musu mai zafi da maƙwabcin shagona, Kirista ne, daga Sabon Tasha yake zuwa kullum kuma mun fi shekara goma muna tare, in zan tafi masallaci shi nake bar wa shago. Ya ce Najeriya ƙasar sekula ce, wato wadda gwamnatinta ba ruwanta da addini, don haka bai kamata a riƙa biyan alƙalan kotun shari'a da kuɗin gwamnati ba, ni kuma na ce to hutun Lahadi fa, wa ya zaɓa mana shi? Wallahi yau da ƙyar muka gaisa, abin ya tsaya min a rai. Me doka ta ce ne takamaimai?

Lauyan Unguwa:
Wa alaikumussalam Malam. Kalmar sekula ba ta cikin tsarin mulkin 1999. Abin da sashe na 10 ya ce shi ne gwamnatin tarayya ko ta jiha ba za ta ɗauki wani addini ta mai da shi addinin gwamnati ba, shi ke nan, jimla ɗaya ce tak. Sashe na 38 kuma ya ba kowa 'yancin yin addininsa, ya koyar, ya yaɗa, har ya canza in ya ga dama. Amma tsarin mulkin nan dai a sashe na 275 ya ce jihar da take buƙata ta kafa kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a, sashe na 277 kuma ya ce ta duba aure da gado da wasiyya da riƙon yara, sannan sashe na 280 ya ba da ta gargajiya. Ka ga ke nan albashin alƙalin da abokinka yake magana doka ta san da shi. Inda lauyoyi suka rabu shi ne ɓangaren hukunta laifuka, wanda Zamfara ta fara a 1999 lokacin Yarima. Kuma musun nan ya girme ku, a majalisar tsara tsarin mulki ta 1978 sai da wakilai Musulmi suka fice daga zaure a kansa.

Maman Sadiq:
Ɗana ni ban san sashe kaza ba amma na san rikicin shari'a na Fabrairun 2000 a Kaduna. A Kakuri muke a lokacin, da zanen da ke jikina kawai muka fito, wata maƙwabciyata Kirista ce ta ɓoye min yara biyu a ɗakinta har kwana biyu, muka koma Rigasa ita kuma ban sake ganinta ba sai bayan shekaru a asibiti muka rungume juna muna kuka. Tun daga nan garin ya rabe, Musulmi wannan ƙetaren kogi Kirista wancan, sai ga na 2002 ya ƙarasa abin da ya rage. Abin da Makarfi, gwamnan lokacin, ya yi na yarda da shi, kotun shari'a ga mai so, ta gargajiya ga mai so, ga majistare kuma. Ka je ka gai da maƙwabcin naka tun kafin ka buɗe shago gobe dan Allah.

Ɗan Narayi:
Ni Kirista ne, ina gaishe ki Mama. Abin da nake so mu duba shi ne dokar wa'azi da gwamnatin El-Rufa'i ta kai majalisa a 2016, wadda ta ce sai mai wa'azi ya karɓi lasisi. Asalinta ma dokar soja ce ta 1984 aka so a sabunta. Fastoci suka kai ƙara, a 2019 babbar kotun jiha ta ce ba wa fasto lasisi ya saɓa wa tsarin mulki. Ni ban ƙi a hana mai zagin addinin wani ko mai kwana da lasifika a kan gidan mutane ba, muna fama da wannan a layinmu kuma daga coci ne ma, amma hannun da zai ba fastona takarda yau shi ne zai ƙwace ta malaminku gobe in ya soki gwamna, a nan nake ganin raba gwamnati da addini kariya ce gare mu duka.

Abu Hanifa Kawo:
Na yarda da kai ɗan uwa, amma a gane abin da ke tsorata mu da kalmar sekula. A Faransa da sunanta aka hana 'yan mata sa hijabi a makarantun gwamnati a 2004, mu kuwa a nan kotun ƙoli ce a 2022 ta tabbatar wa ɗaliban Legas 'yancin sa shi. In ana nufin gwamnati kar ta fifita kowa muna so, in ana nufin a kore addini daga makaranta da ofis ba za mu yarda ba.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mama in sha Allahu zan je. Barista dan Allah tambaya ɗaya ta rage, kujerun Hajji da na Urushalima da wasu gwamnoni suke rabawa da kuɗin jama'a fa, sashe na 10 bai taɓa su ba? Don a kan wannan kam ni da shi bakinmu ɗaya, gara a zuba kuɗin a asibiti.