Shawara nake nema: in yanke firam ɗin Roadmaster ko in bar shi?

Ɗan Malami, Zariya: Assalamu alaikum. Ina da babur Honda CD200, wanda aka fi sani da Roadmaster, na gaje shi daga mahaifina, Allah Ya jiƙansa. Injin yana tashi, ba ya hayaƙi, takardunsa kuma cikakku ne. Niyyata ita ce in mayar da shi kafe-resa, wato in sauke kan ya yi ƙasa, in ɗora gajeren sit na mutum ɗaya mai tozo a baya, in cire duk ƙarfen da ba shi da aiki. Sit ɗin ba zai zauna ba sai an yanke bayan firam. Waɗanda suka taɓa yi nake tambaya: a ina ya dace a yanke, kuma nawa zan tanada?

Mai Jincheng: Wa alaikumus salam. Ka fara da buɗe injin, a sauya fistin da ringi, domin tsohon babur ba ya rasa hayaƙi.

Ɗan Malami: Na gode, amma na faɗa tun farko cewa ba ya hayaƙi.

Tsohon Direba, Kaduna: Ɗana, ka saurare ni kafin ka kai shi ko'ina. Nawa CG125 ne, kuma wani mai walda a unguwarmu ya rantse mini cewa ya saba aikin. Ya yanke firam daf da inda shokozoba ke ɗaurewa, bai haɗa ƙarafan biyu da lanƙwasasshen bututu ba, sai ya ɗiga walda ya rufe da baƙin fenti. Tun daga ranar babur ɗin yake jan gefe ɗaya, tayar baya tana cinyewa ta ɓangaren hagu. Wata rana na faɗa rami a hanyar Kachia, waldar ta tsage, sit ya zauna a kan taya, na ƙare a gefen titi da karayar kafaɗa. Da na warke sai na gano ya goge lambar firam da garanda lokacin da yake kankare tsatsa, ga takardu a hannuna amma babu abin da za a gwada su da shi. A wani shingen bincike na yini ina rantsuwa cewa ba na sata ba ne. Ƙarshe a kilo na sayar da shi.

Mai Jincheng: Allah Ya kiyaye gaba, Baba. Shin ya biya ka?

Tsohon Direba: Ko kwabo. Cewa ya yi ƙarfen ne ya tsufa.

Ɗalibin Injiniya, Kano: Allah Ya mayar da alheri, Baba, amma laifin na ma'aikacin ne. Ana yankewa ne a bayan maɗaurin shokozoba, a zura guntun ƙarfe cikin bututun kafin a yi walda. Ya kamata kuma mai tambaya ya san cewa samarin Ingila da suka fara wannan salo a shekarun 1950 da 1960, masu taruwa a Ace Cafe da ke Landan, burinsu shi ne gudun mil 100 a awa, shi ya sa suke ɗora injin Triumph mai 650cc a kan firam ɗin Norton, suna kiransa Triton. Roadmaster 194cc ne, silinda biyu, kabureta ɗaya, giya huɗu, ba zai je ko kusa da can ba. Siffa za ka samu, don haka kuɗinka ya fara zuwa kan birki da taya. Naira 350,000 ta ishe ni aikin nawa.

Bakanike, Panteka: Malam, wannan kuɗin a wace shekara? Wanda na haɗa wa wani bawan Allah bana ya haura 900,000, fenti da ɗinkin sit da sabon wayarin kaɗai sun cinye abin da ka ambata. Ku kuna kallon YouTube, mu kuwa mu ake kawo wa idan ya lalace. Yara sukan cire akwatin iska su sa ɗan ƙaramin filta domin ya yi kyau, iska ta fi mai yawa, inji ya yi zafi, fulogi ya fito fari fat, sannan ƙurar hunturu ta shiga ta cinye ringi.

Ɗalibin Injiniya: Ana sauya jet ɗin kabureta, wato ɗan bututun da ke auna man da ke shiga inji, a magance wannan, Oga. Karatu ba ya hana iya aiki.

Bakanike: Wanda hannunsa bai taɓa ƙonewa a salansa ba, shawararsa a bayan tamu take.

Mai Jincheng: Ni tambayata ɗaya: sit na mutum ɗaya, a ina uwargida za ta zauna ranar biki, buhun masara kuma wa zai ɗauko?

Bakanike: Ka bar batun masara. Babbar matsalar ita ce kayan gyara. Robar birkin da ake sayarwa yanzu cikin kwali mai tambarin Honda yawancinta jabu ce, kana takawa sau kaɗan sai ta ɓare daga jikin ƙarfenta, kuma Roadmaster gaba da baya duk birkin ganga ne. Ni na fi yarda da tsohon kayan Beljiyam a kan sabo na kwali.

Tsohon Direba: Haka aka sayar mini da sarƙa a matsayin ta Japan, kafin damina ta wuce ta saki. Da na mayar, mai shagon ya ce babu wanda ya tilasta mini saye.

Mai Jincheng: Wani ya gaya mini a Nnewi ana samun na asali idan kana da wanda ka sani. Akwai wanda ya taɓa yin oda daga can, kuma ta yaya ake gane na gaskiya kafin a tura kuɗi?