In iyaye sun yarda, ana iya gurfanar da mai safarar yara?

Ɗan Gwadabawa:
Assalamu alaikum. Mai kai 'yan mata aikatau Libiya aka tare a Illela da yara uku, babbarsu shekara 16. Ta ce da yardar iyayensu, har kuɗi ta ba su. Shin akwai shari'a a nan, kuma wace kotu ce za ta saurara?

Barista Mai Gaskiya:
Wa alaikumus salam, Malam. Akwai shari'a, babba ma. Dokar hana safarar mutane ta 2015, wadda NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane ta Najeriya, ke aiki da ita, ta ce duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne. A kan babba, sai mai gabatar da ƙara ya nuna abu uku: an ɗauko mutum, an yi masa yaudara ko tilas, kuma da nufin ci da guminsa. A kan yaro kuwa ba a neman na tsakiyar. Yardar iyaye ba ta wanke kowa. Kuɗin da aka ba su ma hujja ne a kanta, kuma uban da ya karɓa yana sane zai iya shiga cikin tuhuma. Sashe na 13 ya sa ɗauri aƙalla shekara 2 da tarar aƙalla naira 250,000. In an tabbatar da aikin tilas, aƙalla shekara 5 ne. Babbar Kotun Tarayya ko Babbar Kotun Jiha ke da hurumi, ba majistare ba, ba kotun shari'ar Musulunci ba.

Hajiya Uwar Marayu:
Barista ya faɗi doka, ni kuma zan faɗi inda ƙarar ke mutuwa. Shekarun yaran ne farko. Yawancinsu ba su da takardar haihuwa, lauyan wadda ake tuhuma sai ya ce ai baligai ne. A nemi katin riga-kafi, rajistar makaranta ko shaidar ungozoma tun a makon farko. Sai waya: saƙonnin WhatsApp, lambar mai jira a Agadas, rasit ɗin POS. Kada kowa ya goge komai, kuma sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 na buƙatar takardar tabbaci kafin kotu ta karɓi abin da ya fito daga na'ura. An sha watsar da hujja mai kyau saboda rashin wannan takarda ɗaya.

Babban ciwon dai sulhu ne. Mai safarar sau da yawa 'yar uwa ce ko maƙwabciya, dattawa su taru su ce a rufa asiri, ranar zama a nemi yarinya a rasa. Babu shaida, babu hukunci, matar kuma ta koma ƙauye na gaba. Shi ya sa ake ajiye yaran a gidan kulawa na hukumar, a ɗauki bayaninsu da Hausa tare da tafinta, a roƙi alƙali ya saurare su a keɓe. Sashe na 232 na dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015 ya ba da wannan damar.

Malam Na-Illela:
Ƙari ɗaya, Hajiya: yaran ba masu laifi ba ne ko da ba su da fasfo, dokar hana safarar mutane ta hana a tuhume su a kan haka. A gaya wa iyayen wannan tun wuri, don tsoron kama 'ya'yansu ne ke sa su ɓoye su. A kai rahoto ofishin NAPTIP na shiyyar Sakkwato kai tsaye, kada a bari maganar ta kwana a ofishin 'yan sanda.